Tokar da Ke Ƙarƙashin Tarakta

Tun da na dawo daga Nijar ba a bar ni na huta ba. A masallacin unguwarmu a Giginyu a tambaye ni, a wajen mai shayi a tambaye ni, har mai faci na bakin titi sai da ya tsayar da ni, wai yaya Damagaram, da gaske ne burodinsu kamar sanda yake? Wasu tsakani da Allah suke tambaya. Wasu kuwa sun riga sun ji komai, so suke kawai su ji daga bakina su samu abin dariya. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, wanda ya ƙara tambayata in ce ya je ya karanta.

Sunana Isyaku, bakaniken manyan injuna ne ni, tarakta da katafila da injin ban-ruwa. Shekara ashirin da biyu ina aiki a bayan gidan marigayi Alhaji Ɗanladi a Nassarawa GRA, ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro, inda ya ba ni wuri na kafa rumfa. Yana da gona a wajen Ringim, kuma ni nake riƙe da tsohuwar taraktar da ke nome ta. Da ya rasu, taraktar ma ba ta daɗe ba ta bi shi, ƙarfen cikinta ya karye, na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa har takalmina ya cinye ban samu irinsa ba. Damina biyu muna haya, mai haya kuwa sai ya gama da na kusa da shi yake zuwa maka, lokacin shuka ya wuce. Gona ta koma cin kuɗi ba ta kawo komai.

'Ya'yan suka ce a sayar. Mahaifiyarsu, Hajiya Mairo, ta ce ba da ranta ba. A gonar nan ita da Alhaji suka fara zaman aure, kuma danginta ne zagaye da wurin, taraktar Alhaji ce ke yi musu huɗa idan ta gama da tasa. Babban ɗan, Kabiru, ya zo daga Abuja ya yanke magana: bana ce ta ƙarshe, in ba a nome gonar a kan lokaci ba zai kawo mai saye. Hajiya ba ta yi gardama ba. Ta sayar da motar marigayi, ta kira ni falo, ta ce in nemo mata tarakta kafin ruwa ya sauka, ita ba ta san ƙarfe ba, idona ne idonta.

Sabbi ba a magana, kuɗin ba zai kai ko taya biyu da garma ba. Na Kano da suka sha hannu kuwa duk na san su ɗaya bayan ɗaya, rabinsu ma ni na yi musu kwaskwarima. Sai wani dillali ya nuna min bidiyo a waya: tarakta irin ta Alhaji sak, a wani ƙauye gaba da Damagaram, tana huɗa tana tafiya kamar ba tsohuwa ba. Ya ce mai ita Alhaji Lawali ne, mutumin kirki. Na ɗauki akwatin sifanu na kama hanya a tsakiyar bazara.

Motar da na shiga zuwa Daura tun daga Kazaure ta fara tari. Na ji abin da ke damunta tun a tasha, amma na yi shiru, don na san halin fasinja. Ai kuwa tana mutuwa wata tsohuwa ta nuna akwatina ta ce ga mai gyara nan a cikinmu ana wahala. Haka na kwanta a ƙarƙashin motar mutum cikin farar shaddata, rana tana dukan ƙafafuna, na gyara masa bututun mai. Ladan da na samu shi ne direba ya ce in dawo gaba. Kuɗin mota kuwa cif ya karɓa.

A bakin iyaka na gane na bar katin allurar rigakafi a aljihun wata riga a gida. Laifina ne, ba na kowa ba. Aka ce sai dai in koma ko a yi min wata a nan, na miƙa dantse aka zuba min. Daga nan aka buɗe akwatin, wani jami'i ya fito da sifanun ɗai-ɗai yana jerawa a kan tebur yana rubutawa, ya tambaye ni ko sayarwa zan yi. Na ce ranka ya daɗe wa zai sayi sifanar da ta girme shi? Bai yi dariya ba. Sai da ya gama rubutunsa tsaf ya ce in kwashe.

Abu na farko da ya ba ni mamaki a can shi ne yadda ake jin maganar mai kaki. Igiya ce kawai a gicciye a hanya, igiyar da akuya ma za ta tsallake, amma direba tun daga nesa zai rage gudu, kowa ya sauko da katinsa a hannu, a yi layi ba turereniya. Mu nan da tuni wani ya bi ta gefen gona. Na biyu kuma, rana tana take tsaka sai gari ya mutu. Na isa Damagaram bayan azahar ina neman inda zan canji kuɗi, kowane shago a rufe, wai ana hutawa sai la'asar. Na ce da wani mai kilishi, a Kano wanda ya rufe shago da rana tsaka ai sai a je gidansa gaisuwa. Ya ce shi ya sa ku Kanawa kuke tsufa da wuri.

Gidan baƙin da na sauka fanka ɗaya ce, ita ma juyawa kawai take don kada a ce ba ta aiki. Burodin kuwa gaskiya ne, dogo ne, ɓawonsa har daddatse min dasashi ya yi. Shayinsu ɗan mitsitsin kofi, sau uku ake zubawa, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka tashi kafin na uku ka yi rashin ladabi. Kilishinsu dai ban da abin cewa, ya fi namu, duk wanda zai ji haushi ya ji. Dillalin da ya ce zai tarye ni bai zo ba, har yau ban ƙara sa shi a ido ba. Ɗan kabu-kabu ya turo, wato ɗan acaɓa, shi ya kai ni ƙauyen washegari, ni da akwati a kan cinya, tafiyar da ta kusa raba ni da ƙugu.

Ina sauka zazzaɓi ya rufe ni, allurar nan ce da ranar da na sha. A nan ne Alhaji Lawali ya fara kashe ni da kirki. Dattijo ne dogo, mai sanyin murya, ya girme ni da kamar shekara goma. Ko maganar tarakta bai bari na yi ba. Ɗakinsa ya fitar da kayansa ya ba ni, shi ya koma zaure. Ya aika aka ɗauko mai allura daga garin gaba. Daga cikin gida fura ke fitowa da nono mai kauri, da dambun zogale, da romon zabi, ya zauna a bakin katifa yana cewa in daure in ƙara loma ɗaya. Kwana biyu ina kwance. Ni da ubana ya rasu tun ina yaye, ban san wani namiji ya taɓa zama a kaina haka ba.

Duk wanda ya yi wata uku a gareji ya san ƙa'idar sayen tsohon injin gas. Ba a sayen wanda ba a gabanka ya tashi daga sanyi ba. Ka sa a kashe shi, ya kwana, da safe ka ɗora tafin hannunka a jikinsa ka ji shi kamar randa, sannan a murɗa makulli. Injin da ya ɗumama ko gawa ne zai yi maka waƙa. Ni na koya wa mutane wannan, na sha zagin masu saye a kan sun ƙi ji.

Ran da na miƙe, muna dawowa daga sallar asuba na tarar da taraktar a ƙofar gida tana aiki, an wanke ta tas, ja, kyakkyawa. Ƙaninsa ne a kai, wai zai ɗebo ruwa da tanki. Na zaga ta, na saurari ƙararta, na ɗaga garma na sauke, na sa giya ɗaya bayan ɗaya, ba laifi. Na ce a raina gobe zan riga su. Washegari ma muna fitowa daga masallaci na jiyo ta tun daga nesa. Na ce to, mutanen ƙauye ne, da wuri suke fara aiki.

A bayan gidan akwai wata katafila, irin mai tafiya a kan sarƙa, da masu aikin hanya suka bari shekaru da yawa Alhaji Lawali ya saye ta a matsayin ƙarfe. Kaji ne ke ƙwai a kujerarta. Ya ce in ba zai zama ɗora min nauyi ba, in ɗan leƙa masa ita, an kawo masu gyara uku sun kasa, amma ya ji an ce hannun Kanawa daban ne. Ku ji fa inda aka kama ni. Na tuɓe riga na shiga, kwana biyu cur. Famfon mai ne ya ƙafe, sai wata sarƙa da ta zame daga kan haƙoranta. Na kwance famfon a kan tabarma na wanke shi ƙwaya-ƙwaya, muka ja sarƙar da mutum takwas da ƙarfen rodi. Da la'asar ɗin kwana na biyu ta yi tari sau uku ta tashi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, mata suna guɗa ta kan katanga. Alhaji Lawali ya riƙe hannuna ya zaga da ni gaban mutane yana cewa ga babban injiniya daga Kano, ɗan'uwansa. Aka yanka ɗan akuya. Wallahi kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Washegari na makara ban samu jam'i ba saboda gajiya, na yi sallata a ɗaki na fito gari bai gama wayewa ba. Taraktar tana aiki kamar kullum, ba kowa a kanta. Na durƙusa don in duba ko tana ɗigar da mai. A ƙasa, daidai ƙarƙashin kaskon baƙin mai, an share wuri da tsintsiya, amma ba a share da kyau ba. Toka ce, da 'yan guntayen gawayi. Na sa yatsa, da ɗuminta. Wuta ake hura mata kullum kafin asuba, a gasa cikinta sannan ta yarda ta tashi. Na miƙe na kai hanci wajen murfin lagireto, inda ake zuba wa inji ruwa, sai ƙamshin barkono ya buge ni. Garin barkono da ɗanyen ƙwai ake zubawa a ruwan inji don su toshe tsaga na ɗan lokaci. Na sani, don ni ma ina yaro a gareji an sa ni na yi.

Ina nan tsaye na ji sallamar Alhaji Lawali. Ya dawo daga masallaci da carbi a hannu, ya ce yaya jikin, ya ga ban fito ba har ya damu, ya sa a dama min kunun gyaɗa. Maganar tana bakina. Abin da zan ce kawai shi ne, Alhaji a kashe ta ta kwana, gobe in tayar da ita da hannuna. Amma faɗin haka daidai yake da in ce masa maƙaryaci a ƙofar gidansa, ni da nake kwana a kan katifarsa, maganinsa a jikina, naman akuyarsa bai gama narkewa a cikina ba. Sai na sa ƙafa na tura ƙasa a kan tokar don kada ya ga na gani. Ni na rufe masa asiri da ƙafata. Na ce wa kaina ƙila ƙananan kayan cikin inji ne kawai suka cinye, irin su ringi ko gaskit, ba abin da zai gagare ni, ba ni na tayar da katafila jiya ba?

Cinikinsu ba irin namu ba ne, ba hayaniya, ba rantse-rantse. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, liman ya zo da dattawa biyu. Al'adarsu mai sayarwa sai ya tambayi mai saye sau uku a gaban shaidu, in an shafa fatiha kuma magana ta mutu.

"Malam Isyaku, ka duba?" in ji shi.

Na ce na duba.

"Ka duba da kyau, ba abin da kake so a ƙara nuna maka?"

Na ce babu.

"Ka yarda da ita yadda take?"

Dattawan nan suna kallona da fara'a, babban injiniya daga Kano. Na ce na yarda. Aka shafa fatiha na miƙa kuɗin motar marigayi. Ya haɗa ni da buhun dabino da ƙullin kilishi, ya ce in kai wa Hajiya.

Da ƙafarta taraktar ta hau babbar motar da na yi haya, tana aiki, ƙaninsa ya hau da ita. Direban, wani Bakatsine mai yawan magana, yana ɗaure ta da sarƙa ya kalle ni ya ce Allah ya sa dai na ga tashinta da safe. Na ce ya ja motarsa, ba a koya min aikina. Kwana ɗaya da wuni muka yi a bakin iyaka ana takardu, ni da shi a ƙarƙashin mota muna cin gurasa da ruwan leda. Makullin yana aljihuna duk tsawon lokacin. Sau nawa na yi niyyar hawa in murɗa, ƙafata ta ƙi.

Mun shiga GRA da hantsi. Hajiya ta fito har bakin get, abin da ba ta saba ba, mai gadi da mai ban-ruwan fulawa da mai dafa abinci duk suna tsaye. Ta ce kamar ta Alhaji, har launin. Na hau na murɗa makulli. Ta juya, ta juya, ta juya, ba ta kama ba. Na ce batir ne ya yi sanyi a hanya. Aka kawo wani batirin, haka. Ƙarshe da igiya da katako muka sauko da ita, muka yi ta tura ta a kan titin nan mai shiru ko za ta tashi da gudu, manyan motoci suna ratse mu gilashi a rufe, masu gadin maƙwabta sun fito suna kallo. Har kwanar gidan mai muka kai, muka turo ta muka dawo. Da na waiwaya Hajiya ta riga ta shige ciki.

Ran nan na kwance kan injin. Baƙin mai ya haɗu da ruwa ya zama kamar kunu. Uwar injin ce, wato gangar jikinsa, ta tsage daga ciki, tsaga mai tsawon tafin hannu, an cike ta da gam an shafe da fenti, irin tsagar da walda ba ta riƙewa. Na ce to in ɗauko ta tsohuwar taraktar Alhaji in haɗa. Na kwance ita ma, ashe ƙarfen da ya karye ya fasa gefenta tun wancan lokaci. Gawa biyu ke nan a ƙarƙashin mangwaro.

Na kira Alhaji Lawali. Na shirya zagi tun daga Giginyu, amma ya ɗauka da murna yana tambayar jikina, yana ce min katafila tana nan tana aiki, har an ɗauke ta hayar tonon tafki, kullum sai sun yi min addu'a. Na faɗa masa abin da na tarar. Ya ce shi bai taɓa ce min lafiyarta ƙalau ba, kwana shida tana gabana, sau uku ya tambaye ni a gaban liman, da na tambaye shi da ya faɗa min. Ya ce shi a zatonsa na gani na yarda, tunda hannuna ba abin da yake gagararsa. Har yau ban san ko da gaske yake ba ko iya taku ne. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne duk cikin maganarsa ba inda zan ce ya yi ƙarya.

Sati uku ina yawo, Kaduna, Zariya, Gusau, ina neman uwar inji. Wadda na samu a Gusau ta fi tawa lalacewa. Ina cikin motar dawowa ruwan farko ya sauka, fasinjoji suna hamdala, ni ina jin kamar a kaina ake zuba garwashi. Aka yi na biyu, aka yi na uku, maƙwabtan gona suka yi shuka da shanu. Kabiru ya zo da mai saye kamar yadda ya ce, wani mai gidan kaji, yanzu an zagaye wurin da bulo. Ko kallon inda rumfata take bai yi ba.

Hajiya kuwa ba ta neme ni ba sai bayan an sa hannu a takarda. Ta aiko mai gadi ya kira ni. Na tarar da ita a falo ita kaɗai, na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta. Na fara ba da haƙuri, ina cewa sharrin mutane ya yi yawa, ta ɗaga hannu.

"Isyaku, abu ɗaya zan tambaye ka. Ka gani kafin ka saya, ko ba ka gani ba?"

Da na ce ban gani ba, da ta yarda. Kowa ya san ana cutar mai saye, kuma ita ba ta san ƙarfe ba. Amma bakina ya ƙi. Na ce ranki ya daɗe na gani. Na faɗa mata zazzaɓin, da ɗakin da ya ba ni, da romon zabi, da tokar, da yadda nauyinsa ya hana ni buɗe baki.

Ta daɗe tana kallon carbin da ke hannunta.

"Kwana nawa ka ci abincinsa?"

Na ce shida.

"Kwana shida," in ji ta. "Ka ji kunyar mai kwana shida. Ni shekara ashirin da biyu ana kai maka kwano daga kicin ɗina, ba ka ji tawa ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce in kwashe kayana ba. Ta ce in tashi in je, Allah ya ba mu alheri. Na fito na tsaya a tsakar gida na rasa ta wace ƙofa zan bi, ni da na san gidan nan fiye da gidana.